Kaset ɗin Dariya a Hanyar Ƙauran Namoda

Tun shekarar 1929, lokacin da Turawa suka ja hanyar jirgin ƙasa daga Zariya suka dasa mata aya a Ƙauran Namoda, garin ya zama mashigar duk wani baƙon abu da ya nufi arewacin ƙasar Zamfara, domin a lokacin jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga ba ya dawowa fanko, kuma abin da ya sauke a tasha fatake ne ke rarraba shi zuwa Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan da ke bayansu. Cikin baƙin abubuwan wancan zamani har da majigi, wanda ma'aikatan gwamnati ke kafawa a fili da dare, su haska wa talakawa hotuna irin su Baban Larai don kwaɗaita musu noman auduga. Mai bayani yana tsaye da lasifika yana faɗin muradin hoton, jama'a kuwa suna zaune a ƙasa suna yin nasu bayanin, wannan ya yi wa ɗan wasa ba'a, wancan ya daka masa tsawa kamar yana jin sa. Bahaushe dai bai taɓa kallon fim da baki rufe ba.

Wannan ɗabi'a, wadda mu muka ɗauke ta shaƙiyanci kawai, ita ce wasu Amurkawa suka mayar sana'a. A watan Nuwamba na 1988, a wata ƙaramar tashar talabijin ta birnin Miniyafolis mai suna KTMA, wani ma'abocin barkwanci, Joel Hodgson, ya ƙago shirin Mystery Science Theater 3000. Hikayar ita ce an tsare wani bawan Allah a cikin kumbo ana tilasta masa kallon finafinan da suka fi kowanne lalacewa, shi kuwa, don kada hankalinsa ya gushe, sai ya ƙera mutum-mutumi su zauna tare suna yi wa fim ɗin izgili daga farko har ƙarshe. Fim ya zama matani ke nan, ba'a ta zama sharhi, kuma kamar yadda almajiran ilmi suka sani, sau da yawa sharhi ne ke raya matanin da aka manta. Fim ɗin Manos: The Hands of Fate, wanda aka yi a 1966, ya kusa shafewa daga duniya sai da suka yi masa ba'a a 1993. Da yake shirin ba ya isa ko'ina, masu shi da kansu suka riƙa rubuta wa masu kallo a ƙarshensa cewa su ci gaba da yaɗa kaset hannu da hannu. Daga bisani kamfanin Rhino ya soma tattara shi yana sayarwa a 1996, kamfanin Shout! Factory ya karɓa a 2008, ko da yake wasu sassan sun gagara fita saboda kowane sashe yana ɗauke da fim ɗin wani, mai haƙƙi kuwa ba dole ne ya yarda a sayar da abin da ake yi masa dariya ba. Masoyan shirin ne a 2015 suka yi karo-karo na fiye da dala miliyan 5 aka farfaɗo da shirin.

Namu gwanin bai zauna gaban allo yana jifa da magana ba. Shiga ya yi cikin rigar abin da yake yi wa ba'a. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kasuwar finafinan Hausa ta rabu gida biyu: na soyayya masu rawa da waƙa bisa tafarkin Indiyawa, da na camama, waɗanda ake ɗauka cikin 'yan kwanaki da kuɗi kaɗan, kuma masu ji da kansu suke yi wa kallon hadarin kaji. Sarkin wannan gida na biyu shi ne Rabilu Musa Ɗan Ibro, mutumin Ɗanlasan ta ƙasar Kano, wanda ya bar aikin gandiroba ya rungumi raha. Duk abin da duniya ta ɗauka da girma, Ibro zai sa masa hular ƙauye ya saki. A Ibro Ɗan Indiya ya karya wuya da murya irin na jaruman Bombai, a Ibro Awilo ya kwaikwayi Awilo, mawaƙin nan na Kwango, a 2002 kuwa, ƙurar harin da aka kai wa Amurka ba ta gama lafawa ba, ya fito da Ibro Usama, abin da ya ɓata wa wasu malamai rai ƙwarai. A ganina, babu wani mai sharhin jarida da ya tona asirin kwaikwayon da masu finafinan soyayya ke yi kamar yadda shi ya tona da ƙugunsa.

Yadda kaset ɗin ke isowa ƙasar Namoda a wancan zamani shi ma abin lura ne. Mai fim yakan buga kwalaye, wato rigar kaset mai hoton 'yan wasa, ya sayar wa dilolin Ƙofar Wambai da na Bata tare da ba su uwar kaset, su kuma su jera injuna suna kwafa a kan fanko, don haka ribarsa tana ga yawan kwalin da ya shiga, ba ga yawan masu kallo ba. Daga nan motocin Funtuwa da Gusau su ɗauko, ɗan kasuwa ya baje a kasuwar Alhamis ta Shinkafi. Da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, aka rufe gidajen silima, sai kallo ya koma tsakar gida, inda matan kulle da yara suka zama mafi rinjayen masu hukunci a kan fim.

Wanda ya san shagon haya na lokacin zai tuna da kanta cike da kwalaye da rana ta koɗar, da littafin da mai shago ke rubuta sunan yaron da aka aiko, da kaset ɗin Ibro wanda ba ya kwana a shago. Kafin ya zaga gida ashirin zaren ya miƙe, hoto yana rawa, fuska ta koma kore, ƙurar hunturu ta toshe kan bidiyo sai an buɗe an goge da auduga. Idan zare ya cije, a yanke wurin a liƙe, wani yanki na wasan ya tafi ke nan har abada, amma ba mai damuwa, tunda yaran gidan sun haddace maganar suna biya ta da baki.

Hukuma ba ta bar Ibro ba. A 2008, zamanin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancin Hukumar Tace Finafinai ta Kano, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi wata biyu, kuma fim ɗin Ibro Aloko yana cikin tuhumar, tsohon gandiroba ya kwana inda ya saba tsaron wasu. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 10 ga Disamba, 2014. Kafin nan faifan sidi ya kori kaset, masu tura fim a waya kuma suna kan korar sidi, shagunan haya suka koma sayar da katin waya da caji. Abin da ke yawo a YouTube yanzu galibi guntaye ne, an datse sunayen waɗanda suka yi aikin da shekarar da aka yi shi, wani ma an laƙaba masa sabon suna. A Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako, ko guntayen ba su samu ga mutumin Zurmi ba, sai wanda ya riga ya tura a memori ko yake da tsohon faifai a ƙasan akwati.