Iyalan Turawan Mishan a Karkarar Kano: Yadda Suka Zo da Yadda Suka Rayu

Wanda ya bar birnin Kano ya nufi arewa maso gabas, ta cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, zai riski asibitin Yadakunya, inda aka daɗe ana jinyar masu cutar kuturta. Mutane da yawa sun san asibitin, amma kaɗan ne suka san cewa tsawon shekaru kusan arba'in iyalan Turawan mishan daga Amurka da Kanada da Ingila ne suka riƙe shi, suna zaune da matansu da 'ya'yansu a tsakiyar gonakin gero da dawa da gyaɗa. Ta ƙofar magani suka shigo ƙasar Kano, kuma wannan ƙofa ce ta tsara musu inda za su zauna, da aikin da za su yi, da irin rayuwar da za su yi a gidajensu.

Ƙofar da ta daɗe a rufe

Yunƙurin 'yan mishan na isa ƙasar Hausa ya girmi mulkin Turawa. A ƙarshen 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kutsawa cikin ƙasa. Cikin kusan shekara guda biyu suka mutu, Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent kuma a Bida. Bingham ne ya rage, shi ya ci gaba da gina ƙungiyar da ta zama Sudan Interior Mission, wato SIM. A 1900 wata tawaga ta ƙungiyar CMS, ƙarƙashin Bishop Tugwell tare da Dokta Walter Miller, ta iso Kano, amma Sarki Alu ya umarce su da su fice cikin 'yan kwanaki.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin jama'a ba. Razdan-razdan da suka biyo baya suka riƙe wannan alkawari hujjar hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi, domin ba sa son abin da zai ɓata tsakaninsu da sarakuna. Sai a shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara sassautawa. SIM ta samu wuri a Sabon Garin Kano, sannan a 1937 aka danƙa mata kula da sansanonin kuturta na En'e a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. Na Kano a Sumaila yake da farko, daga baya aka mayar da shi Yadakunya. Na Katsina yana Babbar Ruga, na Sakkwato kuma Amanawa. Dalilin hukuma a fili yake: cutar ta yi yawa, likitocin gwamnati ba su da yawa, ga kuma mutanen da suka yarda su yi aikin da kowa ke gudu.

Sai dai izinin ya zo da sharuɗɗa. Ba a yarda su yi wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci ba, kuma gidansu sai a bayan gari, nesa da gidajen jama'a. A ƙasa irin ta kewayen Kano, inda gona ke manne da gona, ba a barin saura, jakuna kuma suna ta jigilar taki daga birni, ko filin gini sai da yardar hakimi da dagaci.

Yini guda a gidan mishan

SIM ba ta biyan albashi tsayayye. Kowane iyali yana dogara ne da gudummawar coci-coci da 'yan uwa na ƙasarsu, a tara a raba. Sabon zuwa kuwa, aikinsa na farko koyon Hausa ne, miji da mata, har da jarrabawa, domin da ita za a duba marar lafiya, da ita za a yi ciniki, da ita kuma za a karanta Littafi Mai Tsarki, wanda fassararsa cikakkiya ta Hausa ta fito a 1932 bayan aikin shekaru da Miller da abokansa suka yi.

Gidan yawanci na ƙasa ne ko na bulo, da rufin kwano da baranda. Babu lantarki babu famfo. Ruwan rijiya sai an tafasa an tace, fitila ta kananzir ce, kwana kuma cikin gidan sauro, tare da shan maganin zazzaɓi a kai a kai. Akwai kuku da mai wanki da mai ɗebo ruwa, kuma sau da yawa a bakinsu 'ya'yan gidan ke fara jin Hausa, har ta zauna musu fiye da yadda ta zauna wa iyayensu. Wasiƙa daga gida takan yi makonni a hanya, komawa ganin dangi kuwa sai bayan shekaru huɗu ko makamancin haka.

Da sassafe ake yin addu'a, sannan a buɗe ɗakin shan magani. Maigida, in likita ne, yana wajen allura da tiyata. In ba likita ba ne, shi ne magini, shi ne makanike, shi ne mai zagaya ƙauyuka a kan keke ko doki. Uwargida kuwa aikinta biyu ne. Tana riƙe da gida, kuma ita ce ke iya shiga inda namiji baƙo ba ya shiga. A ƙasar da ake kulle, ita ce ke yin sallama ta shiga cikin gida ta duba mai jego, ta wanke gyambo, ta koyar da ɗinki da saƙa. Yawancin zumuncin da ya ɗore tsakanin gidan mishan da maƙwabta ta hannun mata ya ƙullu.

Maganin kuturta a farkon zamanin allurar man calmugra ce, wani mai da ake samu daga bishiyar ƙasar Indiya, mai zafi kuma mai jinkirin aiki, shi ya sa majinyaci kan shekara da shekaru a sansani, yana noma yana karɓar allura. Zuwan ƙwayar dafson a wajajen 1950 ya sauya al'amarin, domin mutum na iya karɓar maganinsa a ƙaramin asibitin ƙauye ya koma gidansa. Ta fuskar ido kuma, Dokta Douglas Hursh ya buɗe asibitin ido na Kano a 1943, wanda har yau masu yanar ido ke nufarsa daga ciki da wajen Nijeriya.

Rabuwa da 'ya'ya

Abin da ya fi yi wa waɗannan iyalai nauyi shi ne karatun yara. A 1946 SIM ta buɗe makarantar kwana ta Kent Academy a Miyango, kusa da Jos, inda iska ke da sanyi kuma sauro bai yi yawa ba. Yaro yana kai shekara shida ko bakwai sai a haɗa masa akwati, ba zai sake ganin iyayensa ba sai hutu. Iyayen sun ɗauki haka a matsayin sadaukarwa saboda aikin da suka yi imani an kira su gare shi. Da yawa daga cikin yaran, bayan sun girma, sun yi bayanin raɗaɗin wannan rabuwa da kuma baƙuncin da suka ji sa'ad da suka koma ƙasar da ake cewa tasu ce. Maƙabartar Miyango kuma tana ɗauke da kaburburan manya da na ƙananan yara da cuta ta ɗauke.

Akwai wata rabuwar a ɗaya ɓangaren. Don gudun kamuwa, akan raba jarirai da iyayensu masu kuturta a rene su a gidan reno na mishan. Wasu daga cikinsu sun wuce makarantun SIM, irin ta maza da ke Roni a ƙasar Kazaure, suka fito malaman asibiti da malaman makaranta. Nan ne kuma aka fi samun saɓani da hukuma da iyaye, kan tambayar wa ke da ikon zaɓa wa yaro addini.

Abin da ya rage

In aka auna da burin da suka zo da shi, Musulmin karkarar Kano da suka bar addininsu ba su da yawa. Jama'a sun karɓi magani, sun yi godiya, sun ci gaba da sallarsu. Inda Kiristanci ya fi samun gindin zama shi ne tsakanin Maguzawa, kuma mafi yawan aikin masu bishara 'yan ƙasa ne suka yi shi, ba Turawa ba. A 1954 aka kafa cocin ECWA daga cikin majami'un SIM, a 1976 kuma ƙungiyar ta miƙa mata ragamar ayyukanta. A cikin waɗannan shekaru na 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi makarantu da asibitocin mishan da dama, har da Yadakunya.

A yau asibitin Yadakunya na hannun gwamnatin Jihar Kano, asibitin ido da makarantar horar da fastoci ta Tofa suna hannun ECWA, Roni kuwa ta koma Jihar Jigawa tun 1991. Kuturta ta zama cutar da ake warkewa da haɗin magunguna cikin wata shida zuwa shekara guda, kuma kyauta ake bayar da su. Abin da ya rage shi ne mai tabo a fata ya je asibiti da wuri, kafin cutar ta taɓa jijiya.