Gyaran Dutse Kafin Washin Ƙarfe a Ƙasar Japan

Duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami ya ga ya ciro dutsen washi daga zabira, ya ɗiga masa ruwa, ya shiga goga aska a kansa da natsuwa, watakila ya lura da cewa tsakiyar dutsen ta lotsa saboda daɗewar aiki, alhali kuwa bakinsa biyu suna nan a tashe. Mu a nan ba mu cika damuwa da wannan lotsawa ba, amma a ƙasar Japan, inda kafintoci suka mayar da washi wani fanni na ilimi mai sharuɗɗa da ladubba, dutsen da fuskarsa ba ta miƙe sosai ba daidai yake da ma'aunin da aka tauye, don haka almajiri ba ya ɗora ƙarfe a kan dutse, ko da sabo ne fil, sai ya daidaita shi tukuna.

Asalin darajar wannan sana'a yana komawa ga duwatsun da ke arewa maso yammacin birnin Kyoto, wajen Narutaki, inda Allah cikin hikimarsa ya ajiye wani irin dutse mai laushin ƙwaya, wanda masana suka ce laka ce da ɓawon ƙananan halittun teku da suka kwanta tun kimanin shekara miliyan 250 da suka wuce. Akwai ruwayar da ke cewa tun a shekarar 1190 Miladiyya shugaban mayaƙa Minamoto no Yoritomo ya ba wani mutum izinin haƙarsa, kuma ko ruwayar ta inganta ko ba ta inganta ba, tabbas ne cewa ƙarnoni da yawa mafi kyawun wannan dutse rabon masu gyaran takubban sarakuna ne, irin gidan Hon'ami da suka yi wa sarakunan yaƙi na Ashikaga hidima. Da hukuma ta hana yawo da takobi a 1876, sai kasuwar dutsen ta ƙara karkata ga kafintoci da masu aski da masu dafa abinci.

To, a nan ne maganar daidaitawa ta yi ƙarfi. Mai gyaran takobi yakan so fuskar dutsensa ta ɗan yi tozo, amma kafinta ba haka yake ba, domin ƙarfen da yake fere katako da shi dole ne bayansa ya kwanta sumul kamar madubi, in kuwa dutsen yana da rami komi ƙanƙantarsa, aibin nan zai koma jikin ƙarfen, ƙarfen kuma ya kai shi jikin katako. Sabon dutse ba ya tsira daga wannan aibi: na haƙowa yana zuwa da sawun zarto, na masana'anta kuma, wanda ya yaɗu bayan Edward Acheson ya ƙago carborundum a Amurka a 1891, sau da yawa yana zuwa da wani ɓawo a fuska ko ɗan karkata. Suna kiran gyaran tsura-naoshi, watau gyaran fuska. Almajiri zai tsuguna bakin ruwa, ya ja layuka da fensir tsaye da kwance a kan dutsen, ya yi ta goga shi a jikin wani dutsen har layukan su ɓace baki ɗaya, sa'an nan ya rage kaifin gefuna don kada su ɓantare. Layin da ya ƙi gogewa shi ke tona asirin inda ramin yake.

Akwai wata hikima cikin wannan da ta cancanci a tsaya a kanta. Idan aka goga duwatsu biyu kaɗai, ɗaya na iya lotsawa ɗaya ya yi tozo, su haɗu tsaf alhali dukansu karkatattu ne, kamar shaidu biyu da suka haɗa baki. Sai an kawo na uku, ana musanya su bi da bi, sa'an nan gaskiya take fita. Wannan ƙa'ida ce Joseph Whitworth ya bayyana wa masanan Birtaniya a 1840 game da fale-falen ƙarfe, injiniyoyi suka gina aikin awo a kanta.

Wanda ya fi shahara da tsanani a wannan babi a zamanin baya-bayan nan shi ne Nishioka Tsunekazu, wanda ya rayu daga 1908 zuwa 1995, shugaban kafintocin haikalin Horyu-ji da ke Nara, inda ake samun gine-ginen katako da suka fi kowaɗanne tsufa a duniya. Sa'ad da Ogawa Mitsuo ya zo gidansa almajiranci, malamin ya hana shi karanta jarida da littattafai, ya umarce shi da washi kawai. Bai yi masa dogon sharhi ba. Ya dai fere katako sau ɗaya, ya miƙa masa abin da ya fito, siriri har ana hangen haske ta cikinsa, almajirin ya manna shi jikin taga yana dubawa kullum yana komawa kan dutse.

Galibin ramukan haƙar Kyoto an rufe su a rabin ƙarshe na ƙarni na ashirin, sai ɗan abin da ya saura wajen Kameoka, saboda haka mai tsohon dutse yakan shafe gefunansa da ƙaron itacen urushi don kada ruwa ya tsaga shi, in zai daidaita fuskarsa kuma ya yi da tsantseni, yana tara farar lakar da ta fito ya yi washi da ita.