Dakarkari Muke Cewa, Su Kuwa Lelna Suke Cewa

Duk wanda ya tashi a Gummi ko Bukkuyum ya san da zarar ka yi kudu, ka doshi Zuru, harshe ya fara sauyawa. Mutanen can mu Dakarkari muke ce musu, amma su Lelna suke kiran kansu, harshensu kuma C'lela. Ana cewa sunan da muka laƙaba musu daga "dakare" ya fito, wato mayaƙin ƙasa, don sun yi wa sarakunan Kabi yaƙi. Kun ga ke nan da aikin da suka yi wa wani muka san su.

Su ma Zamfarawa sun sha wuya. Wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, sarauta ta yi ta ƙaura har ta zo ta zauna Anka. To amma fada ba ta mutu ba, akwai maroƙa da malamai masu riƙe da sunayen sarakuna. Shi ya sa Bajamushe Kurt Krieger ya samu abin da zai rubuta a littafinsa na tarihin Zamfara a 1959, Garba Nadama kuma ya yi digirinsa na uku a kai a Zariya a 1977. Maƙwabtansu na kudu fa? Galibi sai dai su fito a gefen labari, a matsayin mutanen duwatsu da ake kai wa hari a kamo bayi.

Abin da ya sa wannan ke damuna shi ne labarin wata ƙabila a duwatsun arewacin Meziko, Xixime. Sifaniyawa sun murƙushe su a 1610. Kusan duk abin da aka sani game da su daga alƙalamin sojoji da limaman mishan ya fito, su kuwa abin da suka fi nanatawa shi ne cin naman mutane. Harshen ya mutu, babu wanda ya rage da zai ce ga yadda mu muka ga abin.

Lelna suna nan da harshensu, ana bikin Uhola. Amma a littattafanmu na hikaya, in Badakkare ya fito, soja ne ko maigadi. Ni dai ban taɓa cin karo da wanda ya ɗauki golmo ba, inda saurayi da abokansa ke shafe shekaru suna yi wa surukai noma kafin a ba shi mata, alhali daga Gummi tafiyar yini guda ba ta kai ba.