Ƙera Makunnan Cikin Mota a Madadin Waɗanda Suka Lalace

Makunni shi ne ɗan abin da direba kan danna, ko ya murɗa, domin ya saki wutar batir ta tafi ga fitilu, ko waifa, ko hon, ko injin ɗaga gilashin taga. Idan ya lalace, akan nemi sabo a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas. To amma akwai motocin da kamfanoninsu suka daɗe da daina yi musu kaya. Alal misali, Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya harhaɗa a Kaduna bayan buɗe shi a 1975, har gobe tana jigilar mutane a hanyoyin karkara, alhali kuwa makunnanta na asali sai an tona. A irin wannan hali ne ake ƙera wani a madadinsa.

Shi dai makunni sassa uku gare shi: gidan roba wanda ke zama a cikin dashbod, da 'yan ƙarafan tagulla da ke haɗuwa wuta ta wuce, da kuma sifirin mai riƙe shi a inda aka ajiye shi. Maƙeri kan fara da auna tsohon da ramin da zai shiga, sa'an nan ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ya gane aikin kowacce. Masana'antu kan narka roba su ɗura a mazubin ƙarfe, sai dai kuɗin mazubin ba ya fita sai an yi dubbai. Mai buƙatar guda ɗaya ko goma, a yau da kwamfuta ake zana masa, na'urar 3D ta fitar da gidan.

A nan ne ya kamata a natsu, domin kama da asali a ido ba ita ce inganci ba. Ƙananan motoci na aiki da bolt 12, yawancin manyan motoci kuwa 24. Ƙwan fitilar gaba mai wat 55 guda biyu kan ja kimanin ampiya 9, kuma a tsofaffin motoci da dama wannan wuta ta cikin makunnin take bi kai tsaye. Idan tagullar ta yi siranta, sai ta ɗau zafi, ta narka gidan, wani lokaci ma ta ta da gobara. Maganin haka shi ne a sa rile ya ɗauki nauyin wutar, a kuma bar fiyus daidai awonsa. Ɗaure shi da waya, kamar yadda wasu masu wayarin ke yi, ganganci ne. Ita ma robar abin dubawa ce. Wadda ake kira PLA, mai araha, takan fara laushi a wajen digiri 60, zafin da dashbod kan kai idan an bar mota a rana lokacin bazara. Robar ABS kuwa tana jurewa har kusan digiri 100.

Ko sifirin ma ba a raina shi. A shekarar 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye motoci kimanin miliyan 2.6 saboda makunnin tayar da mota da ba ya riƙe makulli sosai. Yakan koma baya ana cikin tafiya, injin ya mutu, jakar iska ta ƙi buɗewa. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124.

Motocin zamani kuma wata hanya suke bi: makunninsu saƙo kawai yake aika wa kwamfutar motar, ita ce ke ba da wuta. Saboda haka wanda aka ƙera wa tsohuwar mota ba zai yi musu aiki ba, ko da ya zauna daram a ramin.

Ana shawartar jami'an ƙananan hukumomi masu kula da motocin asibiti da na aiki da su nemi a nuna musu awon bolt da ampiya na duk makunnin da za a sa, a kuma kunna fitilu na tsawon mintuna a taɓa shi a ji ko ya yi zafi kafin a biya kuɗin aiki.