Janar Bredow da Sukuwar Mutuwa

Dattawanmu sun daɗe suna gardama a kan doki da bindiga. Ga labarin wani barde na Turai, ko ya ƙara wa gardamar gishiri.

Adalbert fon Bredow ɗan babban gida ne a ƙasar Purusiya, cikin Jamus. An haife shi a 1814, ya shiga sojan doki a 1832, ya yi yaƙin Ostiriya a 1866. Duk wannan bai yi masa suna ba. Rana guda ta yi masa: 16 ga Agusta 1870, a Mars-la-Tur, kusa da birnin Mez, lokacin yaƙin Jamus da Faransa.

A ranar, sojan ƙasa na Jamus sun faɗa wa rundunar Marshal Bazen ta Faransa suna zaton ƴan baya ne kawai, ashe uwar yaƙin ce duka. Da azahar igwa ta kusa gama su. Sai aka ce wa Bredow ya kai hari da mahaya wajen 800.

Nan ne muke so a lura. Bai yi gaggawa ba. Ya tsaya ya dubi ƙasa, ya ga wani kwari, ya bi da dawakinsa ta ciki, hayaƙin albarushi ya rufe su. Faransawa ba su ankara ba sai ga masu da takubba a bakin igwoginsu. Suka tarwatsa masu igwa, suka keta sojan ƙasa, sannan dawakin Faransa suka yi musu ca. Kusan rabinsu ba su dawo ba. Jamusawa da kansu suka sa wa harin suna sukuwar mutuwa.

Amma ya saya wa ƴan uwansa lokaci. Bazen ya koma Mez, aka yi masa ƙawanya, ya miƙa wuya a watan Oktoba.

A ganinmu kwarin nan da hayaƙin su suka ci yaƙin, ba zafin doki ba. Manyan sojan Turai kuwa suka ɗauka doki yana nan da ƙarfinsa, suka yi ta kiwon dubban mahaya har 1914, inda bindiga mai ruwa da wayar ƙaya suka tare su. Bredow bai ga wannan ba, ya rasu a 1890. Mutanen Damagaram sun riga Turawa gani, a Tirmini, a 1899, ranar da mahayan Sarki Amadu Kuran Daga suka fuskanci bindigogin Faransa.