Yadda Babur Mai Gudu Ya Rabu Gida Biyu

Duk wanda ya tara kuɗi yau da niyyar sayen babban babur, irin mai inji cc 600 ko 1000, ba zai yi nisa ba sai hanya ta rabu masa biyu. Ga ɗan tsere nan, siriri, lulluɓe da roba tun daga hanci har ciki, hannuwansa can ƙasa, mahayinsa kwance rub da ciki a kan tanki. Ga kuma ɗan dogon zango mai gudu, wanda sau da yawa injinsa ɗan gida ɗaya ne da na farkon, sai dai an ɗaga masa hannuwa, an faɗaɗa sirdi, an ƙara girman tanki, an tanadi wurin rataya akwatuna. Masu talla sun daɗe suna nuna cewa na farkon shi ne babur na ainihi, na biyun kuwa rangwame ne da aka yi wa wanda ƙarfinsa ya fara ja da baya. Tarihi bai goyi bayansu ba. Ɗan dogon zango shi ne magajin babur mai gudu na kan titi. Ɗan tsere ne ya bar gida, kuma dokokin gasa ne suka ja shi, ba bukatar mai hawa titi ba.

Har zuwa shekarun 1970 wannan zaɓi bai ma taso ba. A Ingila ta shekarun 1950 da 1960, samarin da ke taruwa a Ace Cafe da ke Landan, masu burin kai mil 100 a awa, wato kusan kilomita 160, su da kansu suke sauke hannuwan baburansu, su mayar da matakin ƙafa baya, wani lokaci ma su ɗora injin Triumph a kan firam ɗin Norton. Kamfani yana sayar maka da babur ne kawai, kai ka san abin da za ka yi da shi. Ko da Honda CB750 ya fito a 1969 da silinda huɗu da birkin faifai a gaba, Kawasaki Z1 ya biyo shi a 1972, suka girgiza duniya da ƙarfinsu, zaman mahayi a miƙe yake, sirdi kuma dogo ne mai ɗaukar mutum biyu. Hujjar da ta fi kowacce ƙarfi ita ce ta BMW R90S, wanda ya fito a 1973. Babur ne mai babban tanki da mutum zai goya iyalinsa ya ƙetare ƙasashe da shi, amma da Amurka ta buɗe gasar manyan babura ta ƙasa a 1976, a kansa Reg Pridmore ya lashe kambun farko. Babur ɗaya ne ya yi tafiya, ya kuma yi tsere.

Abin da ya fara tilasta canji iska ce. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da iska ke dukan ƙirjin mahayi yakan ninka sau huɗu, saboda haka babur marar kariya da ke iya kilomita 200 ba ya barin mai shi ya daɗe yana wannan gudun. Wuya da kafaɗu su ke fara gajiya tun inji bai ji komai ba. A Amurka, inda hanyoyi suke miƙe ɗoɗar kuma aka ƙayyade gudu a mil 55 a awa a 1974, amsar da aka bayar ita ce girma da jin daɗi, wadda Honda Gold Wing na 1975 ya zama shugabanta. Jamus kuwa tana da manyan hanyoyin da wasu sassansu ba su da iyakar gudu, ga tsaunukan Alps da kwanoninsu a kudu. Bajamushe yana son babur da zai yi sa'o'i yana sheƙa gudu da safe, da rana kuma ya hau dutse yana shan kwana. A 1976 kamfanin BMW ya fito da R100RS, wanda Hans Muth ya tsara masa cikakkiyar garkuwar iska, aka gwada ta a ɗakin gwajin iska na Pininfarina a Italiya, aka kuma kafa ta a jikin firam maimakon a kan hannuwa, don kada iska ta riƙa karkaɗa kan babur. Wannan shi ne kakan 'yan dogon zango masu gudu, kuma ya kamata a lura cewa shi ne babur na saman layi a kamfaninsa a lokacin. Ba don tsofaffi aka yi shi ba.

Rabuwar ta ainihi ta auku ne cikin shekaru uku, daga 1984 zuwa 1986, a Japan. Kawasaki GPZ900R, wanda aka fara kira Ninja, ya fito a 1984 da inji mai sanyaya da ruwa da gudun da ya haura kilomita 240, amma har lokacin babur ne da za a iya wuni a kansa, mai nauyin kusan kilo 230 ba tare da mai ba. Shekara ɗaya bayan haka Suzuki ya sako GSX-R750 mai firam na alminiyam, wanda bai kai kilo 180 ba, an kwaikwayo shi kai tsaye daga baburan gasar juriya na kamfanin, da fitilu biyu a gaba da zama irin na filin tsere. Daga ranar ma'auni ya canja. Yamaha FJ1100, wanda aka gabatar a 1984 a matsayin gwanin gudu, nan da nan ya zama mai nauyi idan aka jera shi da sabon yayi. Sai kamfanin ya ƙara masa inji ya koma FJ1200 a 1986, ya miƙa shi ga matafiya, kuma ya yi shekaru kusan goma yana samun kasuwa a haka. A wannan shekarar ce Kawasaki ya ɗauki injin gidan Ninja, ya cire sarƙa ya sa sandar juya taya irin furofelar mota, ya ɗora tanki mai lita fiye da 28 da akwatuna biyu, ya kira shi GTR1000. An yi shekara ashirin ana ƙera shi. Wannan salo ya zama al'ada har yau: injin da ya yi tsere jiya shi ke jan ɗan dogon zango na yau.

Me ya sa ɗan tsere ya ci gaba da nesanta daga titi maimakon ya tsaya inda GPZ900R ya tsaya? Amsar tana cikin dokokin gasa. Gasar duniya ta manyan babura da aka fara a 1988 ta sharɗanta cewa babur ɗin da zai shiga fili dole ya samo asali daga wanda kamfani ke ƙerawa yana sayarwa ga jama'a. Ma'anar wannan ita ce duk abin da injiniya yake so ya samu a filin tsere, gajeren jiki ne, ko injin da ke bayar da ƙarfinsa sai an kai shi ƙololuwar juyi, ko matakin ƙafa da aka ɗaga don kada ya goga ƙasa a kwana, tilas ya fara saka shi a babur ɗin da zai ɗauki lamba ya hau titi. Mai saye ya zama shi ke biyan kuɗin izinin shiga gasa da bayansa da wuyan hannunsa. Labarin Honda ya fito da abin fili. VFR750F na 1986 ya ci gasar Amurka a hannun Fred Merkel a shekarar da ya fito, Wayne Rainey ya maimaita a 1987, alhali babur ne na kowa da kowa. Da gasar duniya ta zo, sai kamfanin ya ware wani ɗan uwansa na musamman, RC30, mai sirdin mutum ɗaya da tsadar gaske, Merkel ya ci kambun 1988 da na 1989 a kansa. Da aka sauke wa VFR nauyin tsere, sai ya koma abin da titi ke bukata, ya kuma zama ɗaya daga cikin baburan da aka fi yabo a shekarun 1990. A ɗaya ɓangaren kuma Honda Fireblade na injiniya Tadao Baba a 1992, da Ducati 916 a 1994, da Yamaha R1 a 1998 suka ci gaba da rage nauyi da ƙara kaifi, har aka kai yau da injin cc 1000 ke haura ƙarfin doki 200.

Jikin mahayi ne ke ba da shaidar wannan tarihi. A kan ɗan tsere hannuwa suna ƙasa da gaba, gwiwoyi a naɗe, ƙugu a sama. Idan ana gudun kilomita 200 a fili, iskar da ke shiga ƙarƙashin ƙirji tana ɗauke wani ɓangare na nauyin jiki, birki da kwana kuma suna sa mutum motsi kullum, zaman ya yi daidai. Idan aka sauko kilomita 50 a cikin gari, nauyin nan duka sai ya sauka a kan wuyan hannu, dole a ɗaga kai sama don a ga hanya ta cikin hular kwano, madubi yana nuna gwiwar hannu fiye da motar da ke baya, fankar lagireto kuma tana hura zafi a ƙafafu. Wanda aka goya yana can sama a kan ɗan sirdin da bai wuce tafin hannu biyu ba, babu abin riƙewa. Giyar farko kaɗai a manyansu ta wuce kilomita 130, abin da ya kai ko ya zarce iyakar gudun da doka ta yarda da shi a manyan hanyoyin yawancin ƙasashe. Saura giya biyar ke nan da titi ba shi da wurin da za a yi amfani da su bisa ƙa'ida.

Masu ja da wannan magana suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce taura biyu ba ta taunuwa: babur da ke son gudu da kaya a lokaci guda ba zai ƙware a ko ɗaya ba, sai ma nauyi. Gaskiya ne cewa Honda ST1100 na 1990 ya haura kilo 300 idan an cika shi da mai, Yamaha FJR1300 na 2001 ma mai nauyi ne, alhali ɗan tsere yana wajen kilo 200. Idan irin wannan ya kwanta a cikin yashi, mutum ɗaya zai sha wuya kafin ya tashe shi, kuma gajeren mutum ko sabon hannu yana da dalilin jin tsoronsa. Amma ƙwarewar da ake yabon ɗan tsere da ita ana auna ta ne da daƙiƙa a zagayen fili mai santsi, inda babu motar da ke tahowa daga gaba, babu rami, babu dabba. A kan titi, abin da ke tsare rai shi ne hango nesa, da shan rami ba tare da taya ta bar ƙasa ba, da isa awa ta huɗu ba tare da gajiya ta dushe hankali ba. A waɗannan duka zama a miƙe ya fi. Ba mamaki ba ne cewa birkin ABS, mai hana taya kullewa, ya fara shiga babur ne ta BMW K100 a 1988, ya kuma ɗauki shekaru fiye da ashirin kafin ya zama ruwan dare a kan 'yan tsere.

Akwai kuma hujjar zuciya, wadda ba a raina ta. Ɗan tsere yana da kyau, kukansa yana tayar da tsikar jiki, kuma ba kowa ke sayen babur don ya je wani wuri ba. Mai dokin sukuwa ya san ba da shi zai yi tafiyar kwana uku ba, kuma hakan bai rage wa dokin daraja ba. Wanda ke da filin tsere kusa, da kuɗin tayoyin da ba sa daɗewa, da wani abin hawa na yau da kullum, ya sayi ɗan tsere da zuciya ɗaya. Kamfanonin da kansu sun fara faɗin haka a aikace: Yamaha ya daina sayar da ɗan tserensa R6 don hawa titi a Turai bayan 2020, R1 ma ya bi sahunsa daga 2025, aka bar su ga masu shiga fili kawai, domin cinikinsu bai kai ya biya kuɗin daidaita su da sababbin dokokin hayaƙi ba.

Wani zai ce ai manyan 'yan dogon zangon ma sun ja baya, tun da VFR da ST da GTR duk sun bar kasuwa. Haka ne, amma bukatar da ta haife su ba ta mutu ba, gida ta sauya. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda ta fara a ƙarshen 1978 ta ratsa ta Arlit da Agadas da Yamai, ta ɗaukaka dogayen babura masu shan kowace irin hanya, irin su BMW R80 G/S na 1980 da Yamaha Ténéré, wanda ya ɗauki sunan hamadar Nijar. Matafiya sun ɗanɗana zamansu suka ga ya fi, sai kamfanoni suka haɗa wannan tsayin da tayoyin kwalta da inji mai kaifi: Ducati Multistrada 1200 a 2010, Yamaha Tracer da BMW S1000XR a 2015. Tsohon salon ma ya ci gaba a Kawasaki Ninja 1000SX da Suzuki GSX-S1000GT, wanda injinsa ya samo asali daga GSX-R1000 na 2005. Waɗannan sun kuma rage matsalar nauyi ƙwarai, yawancinsu suna tsakanin kilo 210 da 240.

Mai karatu da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi, wanda galibi na hannu zai samu, sai ya ƙara nasa lissafin a kan wannan. Cikin ɗan tsere yana kusa da ƙasa, tudun rage gudu da rami su ne abokan gabarsa, robarsa kuma idan ta fashe samun wata aiki ne. Ya tambayi bakanike tukuna wane inji ya sani, ya binciki inda ake samun tayarsa, ya kuma zauna a kan babur ɗin da hular kwano a kai, tare da wanda zai riƙa goyawa, kafin ya ƙirga kuɗi. Idan babur ɗaya zai mallaka, kuma a kan titi zai hau shi, ɗan dogon zango ne nasa.