Bushin da Kanikawan Arewa

Tun lokacin da Ingila ta fito da mota ƙirar Land Rover a shekarar 1948, har ta iso ƙasar Hausa ta zama abin hawan Di'o da ma'aikatan En'e da malaman gona masu rangadi, kanikawanmu suka fahimci cewa lafiyar mota a hanyar gargada ba ga inji kaɗai ta rataya ba, har da wata 'yar roba da ake cusawa cikin idon sifirin, wadda suke kira bushin. Aikinta ta shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ta shanye girgiza. In kuwa zafin bazara da ƙurar hunturu da baƙin mai da ke ɗiga kanta suka cinye ta, sai ƙarar ƙwanƙwasa ta taso daga ƙarƙashi, sitiyari ya riƙa yawo, taya ta ci ta gefe guda.

Magabata a wannan sana'a ba su da na'urar gwaji, illa kunne da hannu da haƙuri. Maigida yakan ɗaga motar da jak, ya zura ƙarfe ya banƙara idon sifirin, almajirinsa na tsugune yana kallo, har ya gane tsagewa da sakin da ke nuna robar ta ƙare. Kuma ta wannan hanya ilmin ya sauko daga hannu zuwa hannu, ba tare da littafi ba.

Da kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a Kaduna a 1975, a-kori-kura ta cika ƙauyuka, aiki ya yawaita. Amma bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, kayan gyara suka yi tsada ƙwarai, sai masu hikima suka dinga yanko bushin daga tsohuwar taya. Alal haƙiƙa wannan dabara ta ceci direbobi da dama, kuma malamai sun ce larura takan halatta abin da aka hana. Sai dai sun ƙara da cewa ana auna ta gwargwadonta, robar taya kuwa ba ta kai ta asali daɗewa ba.

Saboda haka ina kira ga matasan kanikawa su riƙe amanar da suka gada: a sauya bushin hagu da dama tare, kada kuma a ƙarasa ɗaure noti sai an sauke mota ta tsaya bisa tayoyinta, domin wanda aka ɗaure tana rataye yakan murɗe ya yage da wuri.